Inna Kulu Mai Hoto da Laifin da Ba Nata Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 7 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hajiya Hauwa'u Bungudu, wadda Gusau da kewayenta suka fi sani da Inna Kulu Mai Hoto. Ta cika a ɗakinta a Bungudu tana da shekara sittin da takwas, bayan doguwar jinyar ciwon suga. An yi mata sutura bayan sallar azahar. Ina ofis ɗanta Abubakar Sadiƙ ya kira ni. Ya ce, "Anti Halima, Inna ta tafi." Na ce ina ta tafi, kamar ban san inda mai ciwo irin nata ke tafiya ba.

Inna, kwana uku na yi a zaman makokinki, kuma kin san halina, ba na iya zama a wuri ban lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Matan Bungudu sun zo. Na Gusau sun zo, har da waɗanda kika ɗauki hoton aurensu, suna riƙe da jikokinsu. Daga Mada mota biyu aka yi. Daga ƙauyukan da ke gaba da Tsafe kuwa, inda kika yi shekara talatin kina shiga gida gida, mace huɗu na gani, su ma ba su daɗe ba. Na san dalili. A can akwai gidajen da har ranar da kika rasu ake ce miki infoma, mai kai wa ɓarayin daji labarin mutane. A Zamfara ta yau babu sunan da ya fi wannan muni. An kashe mutane a kansa ba tare da an tambaye su komai ba. Shekara biyu da rabi kina ɗauke da shi, kuma ba naki ba ne, nawa ne. Kin hana ni faɗa kina raye. Ba ki ce komai ba game da bayan ranki, ni kuwa na yi isasshen boko da zan gane inda doka ta bar ƙofa a buɗe.

Kafin in kai can, ya kamata wanda bai san ki ba ya san wadda aka rasa.

Mijinki, marigayi Malam Mahadi, shi ne mai shagon hoto a Tudun Wada. Lokacin da hoto ya zama dole, na fasfon aikin hajji, na katin zaɓe, na katin shaida, sai ya lura rabin masu buƙatar hoton suna cikin gidajen da shi ba zai wuce zaurensu ba. Ya rataya miki kyamara a wuya, ya nuna miki inda ake dannawa. Sauran ke kika koya wa kanki. Da ya rasu kika riƙe shagon. Ba ki taɓa zama a ajin boko ba, amma akwatunan ƙarfe goma sha ɗaya ne a bayan shagon, kowanne da sunan gari a jikinsa da ajami, kowane hoto kika ɗauka kin ajiye kwafinsa. Da masifar ɓarayin dajin nan ta zo, sai akwatunan suka zama wani abu dabam. Mace za ta zo daga ƙauye ta zauna a bakin ƙofa, ta ce an ɗauke mijinta a gona, ba ta da abin da za ta nuna wa yara ko hukuma. Ki tambaye ta gari da shekara, ki durƙusa gaban akwati. Wani lokaci awa biyu kina nema. Ban taɓa ganin kin tashi ba ki samo ba, ban kuma taɓa ganin kin miƙa hoton ba tare da kin fara ba ta ruwa ta sha ba.

Ni a 2021 na zo hannunki. Na sami aiki a wani shiri na tallafa wa manoma, aka ce in riƙa haɗa rahoto da hotuna. Digirina a aikin jarida ne. Na taɓa rubuta jarrabawa a kan tarihin kyamara, na fi kowa maki a ajinmu. Na kawo hotunana shagonki a wanke, kika baje su a kan tebur, kika ɗaga ɗaya.

"Wanga mutum mi ya yi miki?"

Na ce bai yi mini komai ba.

"To don mi kinka sare mai kai?"

Na fara bayanin digirina. Kika saurara har na gama, kika ce, "Sannu, Hajiya Digiri." Sunan da kika kira ni da shi ke nan har ƙarshen ranki.

Darasin farko ko magana ba ki yi ba. Kika karɓi wayata, kika goge idon kyamarar da gefen mayafinki, kika miƙo mini. Hazon da na yi wata shida ina zagin masu ƙera waya a kansa, ashe maiƙon yatsana ne. Daga nan kika riƙa ba ni sauran kaɗan kaɗan, yawanci cikin faɗa. Rana ta kasance a bayana ko a gefena, ba a bayan wanda nake ɗauka ba, in ba haka ba inuwarsa zan kawo gida. Da tsakar rana kada in tsai da mutum a fili, idanunsa za su koma ramuka. In kai shi bakin ƙofar ɗaki, ya tsaya a inuwa yana fuskantar haske. Kada in jingina baƙin mutum da farin bango, domin kyamara za ta bi bangon ta manta da fuskar. In ya zama dole, in taɓa fuskar a gilashin waya kafin in danna. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, a riƙe numfashi, a danna a hankali kamar mai taɓa ƙurji. Duk lokacin da kika ga na sa yatsa biyu ina jawo mutum daga nesa, sai ki buge mini hannu. "Allah ya ba ki ƙafa. Matsa."

Kika ce tsohuwa in tana zaune, a durƙusa mata, yaro kuma a tsuguna daidai idonsa, domin wanda aka ɗauka daga sama an raina shi. Abin da kika fi tsana shi ne ƙirga ɗaya, biyu, uku. Mutanenmu in aka ƙirga musu sai su sandare kamar an kira sunansu a kotu. Ke hira kike yi. Ki tambayi mace akuyarta ta haihu, ki tambayi namiji yadda gyaɗa ta yi, ki jira ya saki numfashi, sannan ki danna. Na ga aikinki a 'Yandoto da wata tsohuwa da ta rantse ba za ta buɗe fuska ba. Jikokinta sun yi lallashi sun gaji. Kika zauna a tabarmarta kina gyara kyamara, kika ce wa iska, ai dama an gaya miki matan 'Yandoto ba su iya fura ba, kunya ce ta sa suke rufe fuska. Tsohuwar ta yaye mayafi don ta rama. Hoton nan shi kaɗai zuriyarta ke da shi, ga ta baki buɗe, ido a ware, tana shirin zaginki. Sun ce haka take.

Sai darasin da kika fi nanatawa. "Ki duba kusurwa huɗu kamin ki danna. Fuska ba ta gudu." Na ɗauka ana maganar buta ce, da igiyar shanya, da turmin da ke tsirowa daga kan mutum. Da can abin da ake nufi ke nan. Ban lura zamani ya ƙara wa maganar nauyi ba.

A kakar 2022, ƙarshen Oktoba, wata Litinin, na bi ki wani ƙauye gaba da Bilbis. Ba zan faɗi sunansa ba. Na taɓa faɗa sau ɗaya, ya isa. Kika shiga cikin gida ɗaukar hotunan mata na katin shaida, kika bar mini ƙaramar kyamararki a waje. Mai gidan, Malam Umaru, manomi ne mai fara'a da bai kai hamsin ba, kuma a shekarar Allah ya yi masa buɗi. Na nemi izininsa, ya yarda. Na tsai da shi rana na gefensa. Na matsa da ƙafata. Na manne gwiwar hannu. Na tambaye shi cikin shanunsa biyu wanne ya fi taurin kai, ya fashe da dariya, na danna. Na duba kusurwa huɗu, babu buta, babu shanya. Abin da ke bayansa rumbu uku ne, da dammunan gero jere har saman katanga, da buhunan waken suya, da shanun huɗa biyu masu ƙiba, da sabon babur ko ledarsa ba a cire ba. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba, har yau.

Ranar Talata da yamma na sa shi a Fesbuk. Na rubuta sunansa, na rubuta sunan ƙauyen, na ƙara da cewa ga manomin da tsoro bai hana shi noma ba. Na ji daɗin jimlar ƙwarai.

Ranar Alhamis da safe na zo shago in nuna miki. Kika sa tabarau. Kika daɗe kina kallon hoton, har na fara murmushin jiran yabo. Sai na ga yatsanki na tafiya a kan gilashin, ba a kan fuskarsa ba, a bayansa.

"Rumbu uku. Shanu biyu. Mashin sabo. Wanga rubutu na ƙasa mi ya ce?"

Na karanta miki.

"Da sunan garin?"

Na ce da shi.

"Mutum nawa sunka gani?"

Na ce sama da dubu biyu.

Kika cire tabarau. "Hajiya Digiri, kin aika musu katin gayyata, har da kwatancen gida."

Na goge shi nan take. Kika kira Abdu, direban da ya yi shekara goma yana kai ki ƙauyuka. Da ya zo kika nuna masa kwafin da ke wayata, ya ce ai tun jiya ya gani, yana yawo a zauren Wasaf na direbobin tasha. Goge nawa bai goge komai ba. Waya kuma ba ta shiga ƙauyen, ƙarfen sabis ɗin yankin ya mutu tun damina. Sai dai a je da ƙafa.

Abdu ya ce zai kai mu da sharaɗi ɗaya: ƙarfe huɗu daidai zai juya kan motarsa, da mu ko babu mu. Ba ki yi masa musu ba. Kowa ya san hanyar nan ba a bin ta bayan la'asar. Kika sha maganinki na suga a tsaye, ba ki tsaya cin komai ba. Mun bar Gusau sha ɗaya da rabi. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi. A kowane shinge aka tsai da mu, na riƙa duba agogo, ke kina jan carbi. Ƙarfe biyu saura muka sauka daga kwalta muka shiga burji.

Mun iske Malam Umaru a zaurensa da maza biyar ko shida. Da ya gan mu ya miƙe da murna. Wani ya riga ya nuna masa hoton a kasuwar Bilbis. Ya ce, "Hajiya, an ce har Kano an gan ni!"

Kika gaya masa abin da ya kawo mu, ba kwana-kwana: ya kwashe iyalinsa yau, ya bi mu Tsafe. Ya yi dariya, amma ba irin ta hoton ba. Ya ce geronsa ko sussuka ba a yi ba, dawa na gona, kuma garinsu an yi sulhu da mutanen daji tun bara.

Kika ce, "Da talaka sunka yi sulhu, Umaru. Wanga na cikin hoto ba su san da shi ba sai shekaranjiya."

Wani dattijo a gefe ya yi tambayar da nake jira tun Gusau. Ya ce wa ya ba duniya hoton, da sunan gari a kai?

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ji diddigenki a kan yatsun ƙafata, kin danne da duk nauyinki.

"Ni," kika ce. "Kyamarata ce, shagona anka kai shi, ni na ba da. Wagga yarinya jaka take riƙe min."

Na ga yadda fuskokin mazan nan suka canza. Mutanen da kika ɗauki hoton iyayensu mata suka riƙa kallonki kamar yau suka fara ganinki. Malam Umaru ya ce ya ji, ya gode, amma ba inda za shi.

Abin da kika yi daga nan ban taɓa ganin irinsa ba. Mace ba ta zama a zaure, wucewa take yi. Ke kika cire takalmi, kika zauna dirshan a tsakiyar tabarmar maza, kika miƙe ƙafafu. Luba, matar Malam Umaru, ta aiko da ruwa daga cikin gida, kika ce a mayar. Ta aiko da fura a ƙwarya, kika ce a mayar. Kika ce ba ki shan komai a gidan nan, ba ki kuma tashi, sai kin ga iyalinsa cikin mota. Wanda ya tashi a birni ba lalle ya gane girman abin ba. A ƙauyen nan, baƙo ya ƙi ruwanka a gaban mutane, an gama da kai.

Ƙarfe uku ta yi. Mazan suka fita ɗaya bayan ɗaya suka tsaya a waje, ba su tafi ba. Aka kira la'asar, kika yi taimama a inda kike don kada ki taɓa ruwan gidan, kika yi salla a zaune. Na ga zufa na tsatsafowa a goshinki, leɓenki ya bushe, hannun da ya koya mini riƙe kyamara ba motsi yana kakkarwa a kan cinyarki. Magani ne ke cin ki, babu abinci a ciki. Na raɗa miki ko dabino ki karɓa daga jakata. Ko kallona ba ki yi ba.

Ƙarfe huɗu Abdu ya leƙo, makulli a hannu. Ya ce, "Hajiya, ina da ɗiya ƙanana."

Kika nuna ni da haɓa. "Tahi, Abdu. Ka tahi da ita."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi rana, ya dube ki, ya yi tsaki, ya koma ya zauna a kan bonet ɗin motarsa. Ina so in ce ni ma jarunta ce ta zaunar da ni. Gaskiyar ita ce tsoro ne.

Huɗu da rabi. Inuwar katanga ta kai tsakiyar hanya. Kowace ƙarar babur daga nesa sai kowa ya ɗaga kai. Kanki ya fara sunkuyawa, maganarki ta fara sarƙewa. A lokacin ne mahaifiyar Malam Umaru, Inna Ladidi, tsohuwar da ba ta fita ko'ina, ta dogaro sanda har ƙofar ciki ta zaure. Ba ta ɗaga murya ba.

"Umaru, baƙuwa za ta mutu da ƙishi zauren ubanka? Ni dai na ɗauko mayafina."

Ya daɗe yana kallon rumbunansa ta ƙofa. Sannan ya shiga ciki. Sai da kika ga an sa yaro na ƙarshe a mota kika miƙa hannu, Luba ta ba ki ƙwaryar furar, kika shanye a tsaye ina riƙe da ke. Biyar da minti goma muka tashi, mu goma a motar mutum biyar.

Kin sha gaya mini babu hasken da ya kai na bayan la'asar kyau ga hoto. Gaskiya ne. Ranar na gan shi a kan dawa da ta fi mota tsawo dama da hagu, ja kamar zinariya, kuma ban taɓa ƙin wani haske kamarsa ba. Kafin mu kai kwalta, a gindin wata ɗorawa, muka hango babura uku a tsaye, mutum bibbiyu, fuskoki a naɗe. Kika tura kyamara ƙarƙashin zanenki, kika danna kaina ƙasa da tafin hannu. Luba ta toshe bakin jaririnta da nono. Abdu bai rage gudu ba, bai ƙara ba. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu. Har yau ban san ko gaisuwa ce ko umarni ba. Babu wanda ya biyo mu. Ana kiran magariba muka shiga Tsafe.

Kwana biyar bayan nan ɓarayin dajin suka zo. Ba su yi dube-dube ba, gidan Malam Umaru suka nufa kai tsaye, ɗayansu na nuna wa maƙwabta hoton a waya. Suka iske gida ba kowa. Shanun kuwa, ƙanensa ya riga ya kora su Tsafe. Suka kwashe hatsi da babur, suka sa wa rumbunan wuta, suka daki wanda suka samu a maƙwabta. Ba su tafi da kowa ba. Mutum bakwai na gidan nan suna raye har yau.

Na zaci za a yi ta zuwa yi miki godiya. A nan ma digirina bai taimake ni ba. Mutane suka zauna suka yi lissafi irin na wanda tsoro ya kama: ita ta ba da hoton, da bakinta ta faɗa, ita ce kuma ta san za su zo. Wa ke sanin za su zo in ba nasu ba? Gargaɗin da ya ceci gidan shi ya zama shaida a kanki. Zaurukan da kike wucewa ba sallama biyu aka riƙa ce miki matan gidan ba sa nan. Mata suka fara zuwa shago, ba neman hoton miji ba, karɓar nasu daga akwati. Kika durƙusa kika nemo wa kowace nata, kika ba ta ruwa kamar kullum. Wasu ba su sha ba. Wata rana wasu samari uku da sanduna suka zo suka tsaya a ƙofar shagon suna tambayar wace ce Kulu. Washegari Abubakar Sadiƙ ya kwashe ki ya mayar Bungudu. Shagon da ya yi shekara arba'in a buɗe bai sake buɗewa ba.

Na same ki a can na ce zan fito in faɗi gaskiya. Kina tsince wake a faifai, ko ɗagowa ba ki yi ba.

"Ni tsohuwa ce, sun san mijina, sun san ɗiyana, zagi za su yi su bari. Ke baƙuwa ce mai yawo ƙauyuka da waya da takarda. In anka ce miki infoma, ba ki kai gida. Ki yi shiru."

Na yi shiru. Na sha gaya wa kaina biyayya ce ga babba. Amma na lura da saurin da na yi wajen yin biyayyar, ni da ban taɓa bin maganarki ba sai mun yi gardama. Ba ki sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Duk zuwan da na yi sai kin karɓi wayata kin duba abin da na ɗauka, ko da idonki ya fara dushewa, ki ce wannan na yi nisa, wancan na yi gaggawa. Ban taɓa jin kin yi wa mutanen ƙauyen nan mugun baki ba. Kin ce tsoro ne, kuma suna da dalilin tsoro.

Ranar Lahadi, bayan sadakar uku, na tafi Tsafe. Na iske Malam Umaru a kasuwar hatsi. Dako yake yi, yana sauke buhunan wasu daga mota. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Na gaya masa kin rasu. Sannan na gaya masa sauran: ni na sa hoton, ni na rubuta sunansa da na garinsu, ba ki sani ba sai bayan kwana biyu, kuma ranar da kika sani a ranar kika zo.

Ya sauke buhun da ke kansa, ya zauna a kai. Abin da ya fara tambaya shi ne ko kin sha wahala wajen fitar rai. Na ce a'a, cikin sauƙi. Ya ce alhamdu lillahi. Can ya ce, "Ni da bakina na kira ta da sunan nan. Ba sau guda ba." Ya share fuska da hularsa. "Malama, ni yanzu ɗan dako ne, ba mai jin maganata. Ke da kinka iya rubutun da ya kai Kano, ki rubuta wanga shi ma ya kai."

Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba, ban ga ina da bakin roƙo ba tukuna. Ya tambaye ni kwatancen gidanki a Bungudu. An gaya mini ya je ranar Litinin, shi da Luba, kuma ya daɗe a maƙabarta.

To ga shi na rubuta. Ni, Halimatu Sadiya, ni na ɗauki hoton Malam Umaru, ni na watsa shi, da sunansa da na garinsu, don a yaba mini. Hajiya Kulu ba ta ba kowa hoton kowa ba, ba a ranar ba, ba a shekara talatin da suka gabace ta ba. Mijina ya karanta wannan takarda ya ce in cire sunana. Na fahimci dalilinsa, ina ma ganin yana da gaskiya. Amma in babu suna, wani zai ce 'ya'yanta ne suka shirya. Ina roƙon duk wanda ya karanta kuma yana da dangi a ƙauyukan Tsafe, ya karanta musu da baki, a zaure da cikin gida, musamman cikin gida.

Ga masu fara ɗaukar hoto kuma, yanzu da kowa ke da kyamara a aljihu: duk abin da na lissafa a sama nata ne, ku ɗauka, zai gyara muku hannu cikin mako guda. Abu ɗaya kawai zan ƙara, wanda na koya da gidan wani. Izinin ɗauka daban, izinin watsawa daban. Kafin ku tura hoto, ku dube shi da idon mafi mugunta cikin waɗanda za su gan shi, ku ga abin da shi zai gani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Abubakar Sadiƙ da Sa'adiya da sauran 'ya'yanta da jikokinta, da 'yan'uwanta na Bungudu, da Abdu direba da ya zauna a kan bonet ranar da yake da ikon tafiya. Ku yafe mini shekara biyu da rabin da na bar ku kuna jin ana zagin mahaifiyarku. Waɗanda suka kira ta da sunan nan cikin rashin sani, 'ya'yanta sun ce in gaya muku ƙofar gidan a buɗe take, kuma za a ba ku ruwa.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Hauwa'u, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ƙishin da ta ji a zauren nan, ka shayar da ita a madadinsa daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka wanke sunanta a bakin bayinka kamar yadda yake a wanke a wurinka. Ka ba iyalinta haƙurin rashinta, ka mayar da Malam Umaru gonarsa, ka kawo mana ƙarshen wannan masifa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Halimatu Sadiya Mada
Gusau